Kafin Ka Sayi Katin Hoto, Tambayi Batirin Gidanku

Duk wanda ya shiga YouTube yana neman yadda ake haɗa kwamfutar wasanni, abu na farko da za a kwaɗaita masa shi ne katin hoto, wato na'urar da ke zana duk abin da ake gani a sikirin. Za a ce masa rabin kuɗinsa ya tafi can, sauran kaya su biyo baya. Shawara ce mai kyau ga mutumin da wutar gidansu ba ta ƙiftawa. Mu da muka tashi a Birnin Gwari kuwa, lissafinmu daban yake. A wurinmu, wuta ce ke zaɓar kayan kwamfuta, sannan aljihu, sannan sha'awa.

Na tara kuɗin kwamfutata ta farko ne daga aikin gonar masara a hutun damina, da kuma zaman shagon cajin waya na yayana bayan an tashi daga makaranta. Ranar da na kai masa takardar kayan da nake son saya, bai ko kalli sunayensu ba. Ya ce, "Wat nawa take sha?" Na ce, "Yaya, ai kwamfuta ce, ba firji ba." Ya ce, "Da batirina za ka kunna ta. Je ka lissafo, ka dawo."

Ga lissafin, don ku ma ku yi naku. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda. Irin batirin da aka fi samu a gidajenmu ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba zai mutu da wuri. Ke nan wat 600 ne naka. Kwamfutar da ke shan wat 150 har da sikirinta za ta yi maka kusan awa 4. Wadda ke shan 350 ba za ta kai awa 2 ba, kuma inbata ma tana cin nata kason. Idan batirin nan shi ne ke ba gida haske da fanka, kun ga wasan mutum ɗaya zai iya kwantar da gida cikin duhu.

Wannan lissafi ne ya raba ni da katin da abokaina suke ta yabo, RX 580 na kamfanin AMD. Kati ne mai ƙarfi, ya fito a 2017, kuma yana da araha a kasuwar kayan hannu. Amma shi kaɗai yana shan wat 185. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin irinsa an yi shekaru ana haƙar kuɗin intanet da su dare da rana, sai da aka daina haƙar Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022 aka kwararo su kasuwa. Daga waje fes, ciki kuwa a gajiye.

Abin da na zaɓa shi ne furosesa mai ɗauke da katin hotonta a cikinta, Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021. Tana da ƙwaƙwalwa 6, kuma an ƙiyasta ta a wat 65. Da ita nake buga eFootball da GTA V, idan na rage kyan hoto kaɗan. Ba za ta ja sababbin manyan wasanni yadda ake gani a bidiyo ba, kuma na san haka tun kafin in biya. Amfaninta shi ne ta bar mini ƙofa a buɗe: duk ranar da hali ya samu, aka ƙara faranti da batir, sai in soka katin hoto ba tare da na zubar da komai ba.

Da zarar ka zaɓi furosesa, ita za ta zaɓar maka madabod, wato babban allon da ake dasa komai a kansa. Kowace furosesa da irin gurbinta. Tawa tana zama ne a gurbin AM4, don haka allo irin A520 ko B550 ya dace da ita. Tsohon B450 ma yana yi, amma sai an tabbatar an sabunta masa BIOS. Furosesar Intel ba ta shiga gurbin AMD ko da za a yi mata addu'a. Sai ram, wurin da kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai a lokacin. Nan akwai sirrin da ba ya cin ƙarin kuɗi sosai: sanda 2 masu gig 8 kowanne sun fi sanda 1 mai gig 16, domin hanya biyu ta fi hanya ɗaya saurin wucewa, kuma katin hoto na cikin furosesa da ram ɗin yake numfashi.

Batun ma'ajiya kuma, tarihin garinmu ne ya koya mini. A ƙarshen Satumbar 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da tamu, saboda 'yan bindigar da ke dazukan Kamuku da Kuyambana. Wanda duk ya ga wannan lokacin ya san cewa abin da ba ya cikin na'urarka ba naka ba ne. Don haka na sayi SSD mai gig 512, wadda ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, na kuma fi karkata ga wasannin da ke yi ba tare da intanet ba. Wasa ɗaya babba yana iya cinye gig 100, ga tsadar data.

Akwai kaya guda da ban yarda a yi masa rowa ba: akwatin da ke raba wuta ga sauran kayan. A wani shago a Kaduna an miƙo mini ɗaya da aka rubuta wa wat 500, ba sunan kamfanin da na sani, ba nauyi, kamar gwangwanin madara. Mai shagon ya ce, "Ƙanena, ɗauki wannan, duk ɗaya ne." Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a ba ni mai tambarin 80 Plus." Tambarin yana nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, ba ta tashi a zafi ba. Akwatin banza idan ya ƙone, ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod da furosesa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Idan kuɗinka bai kai nan ba, akwai wata hanya. Tsofaffin kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk suna cike da shagunan Titin Beirut a Kano. Sai ka ƙara wa ɗaya katin GTX 1650, wanda wat 75 kawai yake sha. Ka lura da abu biyu: idan akwatin siriri ne, sai gajeren kati zai shiga, kuma ka nemi furosesar Intel zubi na 8 ko sama, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 ba ta karɓar waɗanda suka girmi haka.

Ko wace hanya ka bi, kada ka bar shago sai an haɗa an kunna a gabanka, an buga wasa na aƙalla rabin awa kana sauraron fanka kana taɓa jikin akwati. Mutumin cikin Kaduna zai iya komawa gobe ya yi ƙorafi. Kai da za ka bi ta Buruku ka koma gida, kowace tafiya kuɗin mota ce da addu'ar iyaye, ko da yake hanyar ta ɗan yi sauƙi tun bayan sulhun ƙarshen 2024. A gida kuma, ka ɗora ta a kan tebur, ka rufe ta idan ba a aiki, ka riƙa hure mata ƙura a lokacin hunturu.

Iyaye za su tambaye ka amfanin abin, kuma suna da haƙƙin tambaya. Amsar gaskiya ita ce, kwamfutar da ta iya jan wasa ta iya jan karatu. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB gaba ɗaya, kuma ɗalibin da hannunsa ya saba da kibod ba zai ɓata mintunansa yana neman haruffa ba. A kan na'urar nan ƙannena mata suke gwada tsofaffin tambayoyi, ni kuma na fara koyon Python da Blender, dukansu kyauta. Sai dai wannan amsa ba ta da daraja idan sakamakon zangon karatu ya ƙaryata ta.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, kafin ka rubuta sunan kowane kaya, ɗauki biro ka je inda batirin gidanku yake. Karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ka raba biyu, ka cire na haske da fanka. Abin da ya rage shi ne girman kwamfutarka.