Buhu Nawa A-kori-kura Ke Iya Ɗauka? Zagayenmu Daga Mafara Zuwa Bakura Da Maradun

Kasuwar ranar Talata ce ta ba Talata Mafara sunanta. Garin yana kan babban titin Gusau zuwa Sakkwato, Bakura na arewa maso yamma da shi, Maradun kuma na gabas. Abin da ya haɗa garuruwan uku shi ne madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Da ruwanta ake noman rani: shinkafa, masara, albasa, tumatir da dankali. Abin da aka noma kuwa dole a kai shi kasuwa, kuma da yawansa a bayan a-kori-kura yake tafiya.

A hutun da ya wuce, mu ɗaliban jami'a huɗu muka zagaya garuruwan nan, muna ƙidaya lodin motoci. Ƙannenmu na sakandare, ku ɗauko biro mu yi lissafin tare.

A-kori-kura irin Hilux ko tsohuwar Fijo an ƙera ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato kilo 1,000, kuma har da direba da yaron mota a ciki. Buhun masara cikakke yana kai kilo 100. Ke nan buhu tara da mutum biyu sun cika ta. A tashar Mafara mun tsaya kan wata da 'yan dako suka jera wa buhu 18, aka ɗaure da igiya, sannan ɗan kamasho ya fara kiran fasinja. Mutum 12 suka haye saman buhunan, uku daga cikinsu da kayan makaranta. In muka ce kowa kilo 60 ne, an ƙara kilo 720. Jimla ta haura kilo 2,500. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, a tasha buhu kaɗai ake ƙirgawa a matsayin kaya. Mutum ba ya shiga lissafi, sai ka ce ba shi da nauyi.

A hanyar Bakura muka ga abin da wannan nauyi ke yi wa mota, don mun daɗe muna bin bayan wata. Gindinta ya zauna, sifirin ya miƙe sumul, hancinta ya ɗaga sama. Idan kaya ya danne baya haka, tayoyin gaba ba sa kama ƙasa sosai, alhali su ne ke juya mota, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin birki. Ga shi an tula kayan sun yi tsawo, nauyin ya koma sama, shi ya sa duk kwanar da ta sha sai ta karkata kamar za ta kwanta. Masu karatun fiziks sun san cewa idan nauyi ya ninka, ƙarfin da birki zai kashe kafin mota ta tsaya shi ma ya ninka. Birkin ya yi zafi, ya daina kamawa. Na kan buhu kuwa ba su da abin riƙo sai igiya.

A Maradun muka zauna da wasu direbobi, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sawu ɗaya da buhu tara ba ya mayar da kuɗin mai, in ji su. Ga matsalar tsaro: ba mai son magariba ta same shi a hanya, don haka kayan sawu biyu ake haɗawa a ɗaya, a kuma taka wuta. Mun ji tausayinsu. Amma a ganinmu, in ma dole ta sa a ƙara buhu, ba abin da ya wajabta ɗora 'yan makaranta a samansa.

Wani mai faci a garin ya nuna mana abin da yawancinmu ba mu taɓa lura da shi ba. A jikin kowace taya akwai lamba bayan ta girmanta, wadda ke nuna iyakar nauyin da za ta ɗauka. Lamba 100 na nufin kilo 800, lamba 106 kuma kilo 950. Tayoyin baya biyu masu lamba 106 iyakarsu kilo 1,900 ke nan, har da nauyin bodin motar kanta. Motar da muka gani a Mafara ta wuce wannan tun kafin ta bar tasha, a kan tayoyi 'yan gwanjo, cikin zafin bazara.