Kottakkal: Garin Saiwa Da Ƙaro

Wanda ya bar birnin Kalikat na Jihar Kerala, a ƙasar Indiya, ya nufi kudu, ba zai yi awa biyu a mota ba sai ga shi a Kottakkal, wani ɗan gari a tsakiyar gonakin kwakwa. Garin ba shi da wani abin kallo. Abin da ke jawo baƙi, har daga ƙasashen Larabawa, shi ne gidan maganin gargajiya na Arya Vaidya Sala, wanda wani masani mai suna P. S. Varier ya kafa cikin 1902. An fi cika shi da damina, tsakanin Yuli da Agusta, domin mutanen Kerala sun ɗauka jiki ya fi karɓar magani sa'ad da ruwa ke zuba.

Cikin masu zuwa akwai masu ciwon sukari waɗanda kitsen jininsu, watau kwalastarol, ya hau. Haɗuwar biyun nan ita ce ke toshe jijiyoyin zuciya. Likitan zamani yakan ba kowanne ƙwayarsa, amma ga masu Ayurbeda, watau ilmin maganin Indiyawa na dā, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tsofaffin littattafansu na Charaka da Sushruta sun kira cutar madhumeha, fitsarin zuma, sun kuwa ɗora laifin a kan yawan zama, da barcin rana, da cin zaƙi da maiƙo.

Saboda haka daga madafa ake fara jinya. A rage shinkafa, abin da ba ƙaramin horo ba ne ga mutumin Kerala, a koma ga sha'ir, a yi tafiya a ƙasa, a bar ƙailula. Akan kuma murje jikin mai ƙiba da busasshen garin itatuwa. Sa'an nan a zo ga hulba, da gangamau, da wani ɗan'uwan garahuni mai ɗan karen ɗaci da suke kira karela. Hulba kam tana ɗan rage sukari, har wanda ya gama ta da ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba, sukarinsa na iya faɗuwa fiye da kima.

Amma sarkin magungunan kitse a wurinsu shi ne guggulu, ƙaron wani icce mai ƙaya, dangin dashi. Sunansa ya fi aikinsa. Cikin 2003 aka buga sakamakon gwajin da aka yi masa a kan mutum 103 a Jami'ar Pensilbaniya ta Amurka har mako takwas. Mugun kitsen bai sauka ba, ya ma ɗan ƙaru, waɗansu kuma suka yi ƙuraje.

Wannan bai rage masa kasuwa ba. Iccen kuwa ba ya son ruwan Kerala. Daga busassun ƙasashen Rajastan da Gujarat, can arewa, ake kawo ƙaron, inda masu tsaga suka matsa masa lamba har aka sa shi cikin itatuwan da ke gab da ƙarewa.