Ta Hannun Wane

A Safo gida ba shi da lamba. Wasiƙa takan sauka a akwatin gidan waya na wani attajiri a Maraɗi, da rubutun "ta hannun wane" a bayanta. Wannan "hannu" ya cancanci nazari, domin adireshinmu mutum ne, kuma mutum yakan yi tafiya.

Da na koma Yamai karatu, takardar tallafina ta bi tsohuwar hanya. Mai akwatin yana Umra, yaron shagonsa kuwa laƙabina ya sani, bai taɓa jin sunana na yanka ba. Ta yi wata biyu a aljihun tebur. Da Alhaji ya dawo ya miƙa wa Inna, ta aiko mini cikin buhun gero, wa'adi ya wuce da kwana tara.