Takardar da ban nema ba

Shekara huɗu na yi a jardan ɗin wata makaranta mai zaman kanta a Damagaram, amma ba malama ba ce ni. Ni ce mai raka yara bayi, mai wanke wanda ya ɓata wandonsa, mai goya wadda ta ƙi yin shiru tun da uwarta ta juya baya. Yara na ce mini Tanti, iyayensu ma haka. Albashina jika 25, shi ma na watannin karatu kaɗai. In babban hutu ya zo, sai Oktoba.

Madam ɗin ajinmu ce ta fara tunzura ni. Ta ga duk ranar da ba ta zo ba ni ke riƙe ajin, kuma ta san ina da BEPC a ƙasan akwati. Na yi konkur ɗin makarantar horon malamai, Allah ya ba ni sa'a, sunana ya fito a Askia Mohamed.

Na sami mai makarantarmu a ofis, na durƙusa na gaishe ta.

"Hajiya, hutu nake roƙo, ko da babu albashi. In na gama karatun in dawo in riƙe muku aji."

Ta yi murmushi ta ce, "Ƴata, ai hutu na ma'aikaci ne. Ke taimaka mana kike yi. Allah ya sa albarka."

Ba ta faɗa da mugunta ba, har turmin atamfa ta ba ni na sallama. Amma maganar ta zauna mini. Ma'aikacin gwamnati mai lambar aiki yana da hanyar neman izinin ƙaro karatu, ya dawo ya tarar da gurbinsa. Mai kula da yara kuwa, ranar da ta ce za ta karatu, ranar ta bar aiki. Sai daga baya na ji cewa dokar ƙwadago ta 2012 ba ta ware irinmu ba: mace mai aikin albashi tana da hutun haihuwa na mako 14, kuma duk wanda ya bar aiki haƙƙinsa ne a ba shi takardar shaidar aikin da ya yi. Ni da na haifi ɗana na biyu, ranar da na yi arba'in na koma, ina ta godiya da ba a ɗauki wata ba.

Takardar nan ce ban nema ba. Kunya ta hana ni. Ina ganin kamar zan nuna ban yarda da Hajiya ba. Bayan na gama, na yi shekaru ina kwantaragi a wani ƙauye wajen Mirriya, sai aka buɗe jardan a wata makaranta cikin gari ana neman wadda ta saba da ƙananan yara. Na ce ai ni ce. Aka ce ina shaida? Lokacin Hajiya ta rasu, makarantar ta koma hannun wasu, babu wanda ya san ni. A CNSS ma ba a taɓa rubuta sunana ba. Shekara huɗu, ko layi ɗaya babu.

Akwai gajeriyar hanya da ƙawayena suka bi: mai makaranta ya miƙa miki alli, ya ce daga yau ke ce madam, ya ƙara miki jika goma. Ban zarge su ba, tuwo ba ya jiran difloma. Sai dai wanda ya ga jarrabawar da aka yi wa malaman kwantaragi a 2017 ya san yadda ake zare alli daga hannun mutum. Sanin lallashin yaro rabin aikin ne, kuma rabi ne mai wuya, wanda ba a koya mini shi a makarantar horo ba. Amma bai koya mini yadda ake shirya darasin karatu ba.

Yanzu ni ma ina da Tanti a ajina, yarinya mai haƙuri da ta fi ni iya yara. Na ce ta je ansifeksiyon ta ji sharuɗɗan konkur ɗin bana da kunnenta, don suna canzawa. In an tashi muna zama rabin awa muna bitar lissafi da Faransanci. Makon jiya na ja ta har ofishin darakta, tana noƙewa a bayana kamar za a yanka ta, na ce, "Mushe, a rubuta mata ranar da ta fara aiki, a sa hatimi." Ya ce mu dawo Litinin. Na riga na gaya mata tare za mu koma.