Ziyara Ƙasar Harriet Tubman

Daga birnin Baltimore zuwa gundumar Dorchester, a gabashin jihar Maryland ta Amurka, tafiyar kusan awa biyu ce a mota. Da ka haye doguwar gadar Chesapeake ka bar benaye a baya, sai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, gonakin masara da waken suya, kurmi, da fadama mai baƙin ruwa iya ganinka. Wani yayana mutumin Shinkafi da ke aiki a can shi ya ɗauke ni. Muna shiga yankin ya rage gudu, ya ce, "Ƙanena, buɗe ido ka kalli dajin nan, shi ne makarantar baiwar Allahn."

A nan aka haifi Harriet Tubman wajen 1822, cikin bauta. Mun fara tsayawa a Bucktown, gaban wani ƙaramin kanti na katako. Tana yarinya aka aiko ta nan, wani mai gadin bayi ya jefi bawan da ke ƙoƙarin tserewa da ƙarfen sikeli mai nauyin kusan kilo ɗaya, jifar ta kuskure, ta same ta a ka. Har ta koma ga Allah ba ta rabu da ciwon kai da barcin da ke sace ta farat ɗaya ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin da wannan lalurar ta yi duk abin da ta yi.

A cibiyar tarihinta da ke Church Creek, wadda aka buɗe a 2017, na ga yadda mutanen nan suka ƙi binne abin kunyarsu. Sunan ubangijinta, Edward Brodess, yana nan a rubuce. Haka sunayen 'yan'uwanta mata uku da aka sayar kudu, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba: Linah, Mariah Ritty da Soph. Yaran makaranta, baƙi da farare, suna tsaye suna karantawa. Wannan ya burge ni ƙwarai. Mu ma an yi bauta a ƙasarmu, sai a 1936 doka ta kammala soke ta a Arewa, amma yaro nawa ke jin labarin a aji?

A 1849 ta gudu, ta taka kusan kilomita 145 zuwa Philadelphia. Nan ne zuciyata ta karye, don mu mutanen Ƙaura da Zurmi da Shinkafi ba sai an fassara mana ma'anar a ɗauke mutum ba. Mun ga an sayar da gona da shanun huɗa an haɗa kuɗin fansa. Mun ga wanda Allah ya kuɓutar daga dajin Sububu ko Dumburum, ko sunan wurin ba ya son a ambata, kuma ba mai ganin laifinsa. Ita kuwa da ƙafarta ta koma, kusan sau 13, ta fito da mutum wajen 70, yawancinsu dangi da abokan arziki. Da dokar 1850 ta tsananta kamo bayi har a jihohin da babu bauta, sai ta riƙa zarcewa da su garin St. Catharines na Kanada.

Ba ƙarfin hali kaɗai ba ne, akwai sanin hannu. Ta yi saran itace tare da mahaifinta Ben Ross, ta san inda fadama ke ɗaukar ƙafa da inda take haɗiye mutum. Takan zo lokacin hunturu, sa'ad da dare ke da tsawo, ta tashi da mutanenta daren Asabar, don cigiyar jarida ba ta fitowa sai Litinin. Da kukan mujiya take kiran waɗanda ke ɓoye, jarirai kuma a ba su maganin barci. Akwai masu buɗe mata ƙofa, irin su Thomas Garrett a Wilmington da William Still a Philadelphia. A wurinmu yau, wanda ya san lungu da saƙon daji shi ake tsoro. Ita saninta na daji ya zama rahama.

Lokacin yaƙin basasar Amurka, a watan Yuni na 1863, ta yi wa jiragen ruwan sojan jihohin arewacin ƙasar jagora a kogin Combahee, aka 'yanto sama da mutum 700. Duk da haka sai da ta shekara fiye da 30 tana neman haƙƙinta kafin gwamnati ta daidaita mata fansho na dala 20 a wata. Filin da ta saya a Auburn, jihar New York, ta ba da shi aka yi gidan kula da tsofaffi marasa galihu. A gidan ta yi jinyarta ta ƙarshe, ta rasu ranar 10 ga Maris, 1913.