Safar Hannu Ba Ƙyama Ba Ce

A ƙarshen watan Agusta na 2014 babu hirar da ake yi a unguwannin Hausawa na Fatakwal sai ta cutar Ibola. Dalili kuwa shi ne ran 22 ga watan wani likita na garin, Dokta Ikechukwu Enemuo, ya rasu, bayan 'yan kwanaki aka tabbatar cutar ce ta kashe shi. Ya ɗauke ta ne daga wani ma'aikacin ƙungiyar ECOWAS wanda ya sulale daga Ikko, likitan ya yi jinyarsa a cikin wani hotal. Kafin wannan kuma an ji labarin wata nas da ta bar Ikko ta tafi Inugu alhali an hana ta tafiya, har aka sa ido a kan mutum 21 saboda ita.

A cikin wannan hali ne wata nas, haifaffiyar Fatakwal, 'yar wani mai sayar da albasa mutumin Kano, take aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wata safiya aka kawo wani dattijo mahauci, aminin mahaifinta, yana fama da zazzaɓi da amai. Da ya hango ta sai ransa ya yi sanyi, ya miƙo hannu ya ce, "'Yata, zo ki kama ni." Ita kuwa ta tsaya daga nesa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, yi mini haƙuri kaɗan." Ta juya ta wanke hannu, ta ɗaura rigar leda, ta rufe hanci da baki da takunkumi, ta sa tabarau da safar hannu, sa'an nan ta matso.

Dattijo ya dube ta sama da ƙasa, ya ce, "Ashe yau ni ne abin ƙyama? Ni da na fede ragon sunanki?" Ya kau da kai, bai sake ce mata uffan ba har aka kwantar da shi a ɗaki shi kaɗai.

Kafin magariba magana ta kai gida. Mahaifinta ya kira ta zaure, ya ce ta ba shi kunya a cikin mutane, kuma duk aikin da zai sa ɗiya ta guji taɓa iyayenta gara a bar shi. Ga Bahaushen da yake zaune a kudu wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a nan zumunci shi ne jari, shi ne kuma mafaka ranar tashin hankali.

Ta durƙusa ta saurara har ya gama. Sa'an nan ta ce, "Baba, ban ƙi taɓa shi ba, ni na share masa amai da hannuna. Amma in cutar ce, ni zan kwaso ta in kawo wa Inna da ƙannena a cikin gidan nan." Ta bayyana masa cewa Ibola ba a iska take yawo ba, ta jini da amai da zawo da sauran ruwan jikin majiyyaci ake ɗaukarta, kuma tana iya ɓuya a jiki daga kwana 2 har zuwa 21 kafin ta nuna kanta. A farkonta kuwa babu mai iya rarrabe ta da zazzaɓin cizon sauro da ido. Saboda haka ba a jira sai an san cuta kafin a sa kayan kariya.

Lalle tarihin ƙasar nan yana bayanta. A 1969, sa'ad da zazzaɓin Lassa ya ɓulla, masu jinya ya fara kayarwa: Laura Wine ta kamu a garin Lassa, aka kai ta Jos ta rasu, Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta ta bi ta. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta yanke a yatsa wajen binciken gawa a Jos, ita ma ta rasu. A 1974 zazzaɓin ya kama likitoci Jamusawa biyu a wani asibitin mishan a Anacha, ɗaya ya mutu. Haka kuma bayan Patrick Sawyer ya sauka Ikko daga Laberiya ran 20 ga Yuli 2014, Dokta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana shi fita daga asibiti, da nas Justina Ejelonu duk sun rasa rayukansu. Mai jinya shi ne na farko a bakin wuta.

Abin da mahaifin bai sani ba shi ne, sa kayan ba shi ne mai wuya ba, cire su ne. Duk ƙazantar tana bayan riga da safa, ga zafin Fatakwal, gumi yana zuba a ido, hannu yana ƙaiƙayin kai wa fuska. Don haka aka koya musu a cire a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ana naɗe kowane ta yadda bayansa zai koma ciki, ana wanke hannu tsakanin kowane mataki, takunkumi kuma ta igiyarsa ta baya ake kama shi, ba ta gaba ba. Wata abokiyar aiki tana tsaye tana lura, in ta ga kuskure ta yi magana. Ruwan kulorin ma iri biyu ne, mai ƙarfi na kaya da daɓe, mai sauƙi na fatar hannu.

Ba a gida kaɗai ta sha faɗa ba. A asibitin nasu safa ta yi ƙaranci, har aka ce a riƙa wanke ta ana sake sawa. Ta ƙi, ta ce safar da ta taɓa majiyyaci ɗaya ba ta zuwa kan na biyu, domin a lokacin ta tashi daga kariya ta koma abin raba cuta. Saura kaɗan ta rasa aikinta, sai da sauran masu jinya suka goya mata baya aka sayo wata.

Da aka auna jinin dattijo sai aka tarar zazzaɓin cizon sauro ne. Ya warke ya koma mahauta, mutanen unguwa suka ce to, ga shi an wulakanta bawan Allah a banza. Amma ba a banza ba ne, gama wanda ya sa takalmi bai taka ƙaya ba, ba a ce ya yi asarar takalmi. Ran 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da Ibola, bayan mutum 20 sun kamu, 8 sun mutu. Irin wannan taka-tsantsan na masu jinya, tare da bin sawun duk wanda ya haɗu da mai cutar, shi ya sa abin ya tsaya iyakar nan.

Dattijo ya yi watanni ba ya amsa gaisuwarta sai da ka. Ita kuwa ba ta fasa durƙusa masa ba. A 2020, da annobar korona ta shigo, wata rana da yamma sai ga jikansa ya yi sallama a gidansu, ya ce Baba ya ce a gaishe ta, in tana da takunkumi ta aiko masa da guda biyu, ta kuma nuna wa yaron yadda ake cirewa.