Haɗa Kwamfutar Gem ta Farko: Lissafin Ingila da na Sakkwato

Kwamfutar gem da mutum ke haɗawa da hannunsa tana tashi ne daga sassa bakwai: furosesa, madabod, ram, ma'ajiyar SSD, katin girafik, fawa saflai, da akwatin da zai ɗauke su duka. Sassan nan iri ɗaya ne a Manchester da Sakkwato, galibinsu ma daga masana'antun Taiwan da China suke fitowa. Abin da ya bambanta shi ne yadda mai ƙaramin ƙarfi ke raba kuɗinsa a tsakaninsu, da abin da yake fara tambaya kafin ya sayi ko da kusa ɗaya.

A nan Ingila an saba farawa da katin girafik, domin shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a wasa. Matashi zai ware masa kashi ɗaya bisa uku na kuɗinsa, wani ma har rabi, sannan ya bi sauran sassan da abin da ya rage. Yakan shiga shafin PCPartPicker ya jera zaɓinsa, shafin ya gaya masa ko furosesar za ta zauna a kan madabod ɗin, ko katin zai shiga akwatin, da kuma shagon da ya fi araha. Daga nan sai ya yi oda daga irin su Scan da ke Bolton ko Overclockers UK, kaya su iso ƙofar gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Doka ma tana bayansa. Abin da aka saya ta intanet ana iya mayar da shi cikin kwana 14 ko da ba shi da aibi, kuma dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya mai matsala a karɓi kuɗi. Wutar lantarki kuwa ba ta shiga lissafinsa, haka ma zafin ɗaki, wanda yawanci yake kusa da digiri 20.

Bidiyoyin YouTube da matasan Sakkwato ke kallo an yi su ne a kan wannan yanayin, shi ya sa bin su ido rufe ke jawo asara. A Sakkwato lissafi daga soket ɗin bango yake farawa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a jihar tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara, kuma awannin da unguwa ke samu sun danganta da layin da take kai. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta. Janareta ma ba ta da sauƙi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Saboda haka akwai sashe na takwas da ɗan Ingila bai san da shi ba: UPS, ko inbata da batir, da sitabilaiza. Wanda bai ware masa kuɗi ba tun farko, ɗaukewar wuta tana iya lalata masa wasan da ya ajiye, ko Windows ɗin baki ɗaya, dawowarta da ƙarfi kuma tana iya ƙona madabod.

Ƙididdigar batirin ba ta da wuya. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da kusan yunit 2.4, amma irin na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa idan ana so ya yi ƙarko. Ke nan yunit 1.2 ne a hannu. Kwamfuta da allon da ke jan wat 300 za su cinye shi cikin awa huɗu, ƙasa da haka ma idan aka cire abin da inbata ke zubarwa, alhali masu jan wat 150 za su ninka wannan lokacin. A gidan da ke kan sola kuma akwai fanka da firji da fitilu da ke jiran rabonsu a batirin.

Wannan ne ke juya yadda ake auna katin girafik. RX 580, wanda AMD ta fitar a 2017, ya cika kasuwar kayan hannu ta Najeriya saboda araharsa da gigabait 8 da yake ɗauke da su, sai dai yana shan kusan wat 185. RX 6600 na 2021 yana shan wat 132, kuma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. RTX 4060 na Nvidia yana tsayawa a wat 115, GTX 1650 kuma a 75. A Ingila bambancin wat 50 ɗan ƙari ne a takardar kuɗin wuta. A Sakkwato kuwa yana rage lokacin da batir zai ɗauka, yana kuma ƙara zafi a ɗakin da da ma yake tafasa. Idan aka haɗa duka, katin da ya fi araha a ranar saye yana iya zuwa da ƙarin kashe kuɗi daga baya.

Fawa saflai shi ne sashen da ake yawan rage wa kuɗi a ko'ina, kuma a Sakkwato ne hakan ya fi haɗari. Najeriya da Ingila duk suna kan bolt 230, har bakin filogi mai ƙafa uku ma ɗaya ne, don haka kayan da aka sayo daga nan suna aiki a can ba tare da sauyi ba. To amma akwai masu araha da aka ƙera don bolt 200 zuwa 240 kawai. A Ingila ba su da laifi, tunda wuta ba ta sauka. A unguwar da wuta ke zuwa rabi-rabi da yamma, har kwan fitila ya yi ja, wanda ke karɓar bolt 100 zuwa 240 shi ne ke iya jurewa. Ana ganin wannan a takardar da ke manne a gefensa, kusa da tambarin 80 Plus. Fawa saflai na zamani kuma ba dukansu ke jituwa da wutar ƙananan inbata da UPS masu araha ba. Wasu sukan yi ƙara, wasu su mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta, don haka inbata mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta layi ita ce ta dace. Wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani ya ishi duk katunan da aka ambata.

Sai zafi da ƙura. Fanka ba ta iya sanyaya abu ƙasa da iskar da ta jawo. A watan Afrilu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, don haka furosesar da ke aiki a digiri 70 a ɗakin Ingila za ta iya kusantar 90 a ɗakin da ba na'urar sanyaya, inda take fara rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Akwati mai gilashi a gaba da fitilu masu launi yana da kyan gani, amma mai raga a gaba ne ke numfashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma hunturu na kawo ƙura mai laushi wadda ke toshe haƙoran ƙarfen sanyaya. Maganinta matata a kan kowace fankar da ke jawo iska, a sa masu jawowa su fi masu fitarwa yawa, a ɗaga akwatin daga ƙasa, a riƙa hura shi lokaci-lokaci tare da riƙe fankokin da yatsa kada su yi juyin banza. Busasshiyar iskar wannan lokacin tana tara irin lantarkin nan da ke tartsatsi a jikin tufafi, shi ya sa ake taɓa ƙarfen akwati kafin a ɗauki ram ko furosesa.

Hanyar samun kaya ita ma dabam ce. Yawancin sassan gem suna zuwa Sakkwato ne daga kasuwar Computer Village da ke Ikeja, tafiyar kusan kilomita dubu, ko daga Banex Plaza a Abuja, ko shagunan titin Beirut a Kano, a saka su a mota a je tasha a karɓa. Farashinsu yana bin dala, wadda ta tashi daga kusan naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Garanti kuwa sau da yawa 'yan kwanakin gwaji ne da mai shago ya bayar da baki. Kayan hannu ma a Ingila, a shaguna irin CeX, da rubutaccen garanti ake sayar da su. A batun garanti ne tazarar ta fi faɗi, kuma ita ce ta ɗora wa mai saye a Sakkwato aikin bincike. Bayan da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin kirifto a watan Satumban 2022, katunan da suka kwana suna aiki shekara da shekaru sun kwararo kasuwa. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Manhajar GPU-Z tana tona irin wannan. Mai hankali yakan nemi mai sayarwa ya turo bidiyon katin yana aiki da lambarsa a bayyane, da zafin da ya kai bayan rabin awa na wasa. Idan kaya sun iso, furosesar Ryzen ta tsarin AM4 ana juya ta a haska ƙasanta da fitilar waya, a bi layin ƙananan alluranta a ga ko ɗaya ta lanƙwashe. A tsarin Intel kuwa alluran suna cikin soket ɗin madabod, can ake dubawa. Idan haɗaɗɗiyar kwamfuta ce za a aiko, a cire katin a naɗe shi dabam, domin girgizar hanya tana karya ramin da yake zaune.

Game da furosesa da madabod, ɗan Ingila yana karkata ga AM5 da ram na DDR5 don ya samu damar ƙari a gaba. Ga mai ƙaramin kasafi a Sakkwato, tsohon tsarin AM4, wanda ya fito a 2016, ya fi dacewa: kayansa suna da yawa a kasuwa, kuma Ryzen 5 3600 da 5600 duk wat 65 ne. Ryzen 5 5600G tana da nata girafik a ciki, wanda zai ɗauki eFootball da GTA V a matsakaicin saiti, sai a jinkirta sayen kati har kuɗi su taru. Sai dai madabod na B450 yana bukatar a sabunta masa BIOS kafin ya gane jerin 5000, kuma gara a sa mai shago ya yi hakan kafin ya aiko. Hanya mafi araha ita ce tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP ProDesk, a saka mata siririn GTX 1650 wanda ba ya bukatar wayar wuta ta dabam. Amma tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, ya kamata a duba cewa furosesar Intel ɗin ta zubi na takwas ce ko sama, domin daga nan Windows 11 ke farawa.

Ram na gigabait 16 ya wadatar, kuma sanda biyu masu takwas-takwas sun fi guda ɗaya gudu, musamman ga 5600G. A ma'ajiya ne ake sake rabuwa. A Ingila mutum yana goge wasa ya sake sauke shi cikin dare ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba. A Sakkwato, inda yawancin mutane ke sayen data da awo, wasan da ya kai gigabait 100 ba abin saukewa sau biyu ba ne, saboda haka SSD mai terabait ɗaya, da tsohon hadis a gefe don adana abin da aka riga aka sauke, suna mayar da kuɗinsu. Allo mai inci 24 na 1080p ya dace da ƙarfin waɗannan katunan, kuma wutar da yake ja ba ta cika wuce wat 30 ba.